Sauya Giyabos Mai Huɗu da Mai Biyar a Peugeot 504: Jagora ga Kanikawa da Masu Mota a Maiduguri

Motar Peugeot 504, wadda aka fara fitarwa a Faransa a shekarar 1968, kuma masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta soma haɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da ita har zuwa 2006, tana cikin tsofaffin motocin da ba su gushe daga titunan Maiduguri ba, wasu a hannun dattawan da suka mallake su tun suna aikin gwamnati, wasu kuma a hannun direbobin da suka saba da ita har ba sa son wata. Ko da yake a Arewa an fi saninta da aikin haya da ɗaukar iyali, tana da tarihi a fagen tsere, domin da ita Ove Andersson ya ci gasar Safari ta ƙasar Kenya a 1975, sannan Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar a 1978 da samfurinta mai ƙofa biyu, wanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana. Mafi yawan waɗanda suka shigo Nijeriya ko aka haɗa a Kaduna a shekarun farko suna ɗauke da giyabos mai giya huɗu, wato akwatin ƙarfen nan da ke bayan inji wanda haƙoran cikinsa ke sauya yawan juyin da ke isa ga tayoyi, kuma wannan shi ne sashen da ya fi nuna shekarun motar idan aka hau doguwar hanya.

Aikin cire mai huɗu a sa mai biyar sananne ne a wurin masu riƙon tsofaffin motoci a ƙasashe da dama. A Ingila, alal misali, masu MGB, motar wasa da aka ƙera tsakanin 1962 da 1980, sun daɗe suna ɗauko giyabos ɗin Ford Sierra suna dasa mata, abin da ke tilasta musu sayen ƙoƙo da farfela da maɗaurai da aka ƙera musamman domin haɗa kayan kamfanoni biyu da ba su san juna ba. Mai 504 ya fi su sa'a, saboda giyabos ɗin da yake nema ɗan gida ne: na asali mai huɗu sunansa BA7/4, mai biyar kuwa BA7/5, wanda aka sa wa Peugeot 505 da ta fito a 1979 da kuma wasu 504 na baya-baya, sai kuma BA10/5 da ya fi su girma da nauyi, wanda aka tanada domin injuna masu ƙarfi. Wannan dangantaka tana sauƙaƙa aikin, amma ita ce kuma ke yaudarar mutane su ɗauka cewa kwance wannan a ɗaura wancan ne kawai, alhali kuwa nasarar aikin ko lalacewarsa tana tabbata ne a wurin awo, tun kafin a kwance noti ko ɗaya.

Abin da giya ta biyar ke yi da wanda ba ta yi

A giyabos mai huɗu, giya ta huɗu tana haɗa inji da farfela kai tsaye, ma'ana duk juyi ɗaya da inji ya yi, farfela ma, wato doguwar sandar da ke kai juyi ga aksul na baya, juyi ɗaya take yi. Giya ta biyar tana sa farfela ta riga inji, domin a BA7/5 inji yana yin kimanin kashi 82 cikin ɗari na juyi ɗaya ne kawai kafin farfela ta cika nata. Lissafin yana fitowa fili idan aka ɗauki salun mai aksul 3.89, wato wanda farfela ke juyawa sau 3.89 kafin taya ta juya sau ɗaya, da taya mai lamba 175 a kan rim 14 wadda ke cin ƙasa kusan mita 1.93 a kowane juyi. A gudun kilomita 100 cikin awa ɗaya, tayar tana juyawa wajen sau 860 a minti, don haka inji yana yin kusan juyi 3,350 a giya ta huɗu, amma a ta biyar sai ya sauko zuwa wajen 2,750. A gudun 120 kuwa, daga sama da 4,000 yake dawowa wajen 3,300. Wannan ragin shi ne ribar aikin gaba ɗaya, kuma daga gare shi ne sauran amfanin ke fitowa: ƙara tana raguwa a cikin mota, inji ba ya ɗaukar zafi kamar da, abin da ke da muhimmanci a garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, sannan fistin da ringi suna rage tafiyar da suke yi a kowace kilomita.

Sai dai ya kamata mai mota ya san cewa giya ta biyar ba ta ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan, kuma ba lalle ne ta ƙara wa mota iyakar gudunta ba, domin injin lita biyu mai kafireto, wanda ake kira XN1, yana ba da mafi girman ƙarfin murɗawarsa ne a wajen juyi 3,000, kuma da zarar an sauke shi ƙasa da 2,000 da kaya a bayansa sai ya soma numfarfashi. Haka kuma fetur ɗin da ake tsimi bai kai yawan ragin juyin ba, saboda iskar da mota ke tsagawa da nauyin da take ja ba su canza ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 mutane da yawa suka soma tunanin wannan aiki domin tsimin mai kaɗai, amma gaskiyar magana ita ce motar da rayuwarta ba ta wuce tsakanin Kasuwar Litinin da Bulumkutu da Tashar Baga ba, inda cunkoson Keke Napep ba ya barin direba ya wuce giya ta uku, ba za ta mayar da kuɗin da aka kashe mata ba. Wadda ke cin moriya ita ce mai bin hanyar Damaturu da Potiskum zuwa Kano, tafiyar da ta kusa kilomita ɗari shida a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda ba ta da hawa mai yawa.

Neman giyabos da tantance shi

Ƙananan kayan aikin, irin su baƙin mai da giris da kalanzir na wanke ƙarfe da tef ɗin awo da alli, ba su da wuyar samu a Kasuwar Litinin da layukan da ke kewaye da ita, musamman tun da aka sake gina ta bayan gobarar 26 ga Fabrairu, 2023. Giyabos ɗin kansa kuwa na hannu ne a kowane hali, kuma yana fitowa ne ko dai daga 'yan gwangwan da ke farfasa matattun motoci a cikin gari, ko daga manyan kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas. A nan akwai wani abin lura da ya keɓanta da Maiduguri: ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, wadda ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta shanye unguwanni da yawa har da ita kanta kasuwar, kuma duk giyabos ɗin da ya kwana a cikin wancan ruwa, ko yana jikin mota ko yana ajiye a ƙasan shago, ruwa da laka sun shige shi ta ƙofar numfashinsa. Irin wannan yana iya yin kyau a ido bayan an wanke bayansa, amma boris ɗin cikinsa, wato zobban da ke ɗauke da ƙananan ƙwallayen ƙarfe waɗanda sanduna ke juyawa a kansu, sun riga sun ci tsatsa, kuma ba za su yi wata biyu ba tare da sun fara kuka ba.

Saboda haka tantancewa tana farawa ne daga man da ke ciki. Ana kwance notin zubarwa na ƙasa a tari man a farin kwano: idan ya fito fari-fari kamar an gauraya shi da madara, ruwa ya shiga; idan yana ƙyalli da garin rawaya, zobban tagulla masu daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga sun cinye; idan kuma akwai gutsattsarin ƙarfe da yatsa ke iya ji, haƙori ya karye a wani wuri. Giyabos ɗin da aka kawo a bushe, ba ɗigon mai a cikinsa, ya ɓoye shaidarsa ne, kuma ya kamata farashinsa ya nuna haka. Bayan wannan sai a sa alamar alli a kan sandar shiga, wato ta gaba mai shiga cikin kuloci, da kuma sandar fita ta baya, a riƙa sa kowace giya ana juyawa da hannu ana ƙirgawa: a giya ta ɗaya sandar gaba za ta juya kusan sau uku da rabi kafin ta baya ta cika ɗaya, a ta huɗu za su tafi tare, a ta biyar kuwa juyi goma na gaba zai ba da wajen goma sha biyu a baya. Juyin ya zama sumul, ba tsayawa ba ƙarar yashi, sannan idan aka girgiza sandar gaba kada ta yi wasa fiye da kima. Mai saye mai hankali yakan ƙulla sharaɗi da mai sayarwa a gaban shaida cewa za a karɓi kayan idan aka ɗaura shi ya yi kuka ko ya riƙa fitar da giya, domin akwai aibin da ba ya bayyana sai inji ya ja shi.

Awo kafin kwancewa

Abin da ya bambanta 504 da yawancin motocin zamaninta shi ne farfelarta ba a fili take ba, tana juyawa ne a cikin wani bututun ƙarfe da aka ɗaure da notuna a bayan giyabos ta gaba, aka kuma ɗaure shi a kan aksul ta baya, ta yadda inji da giyabos da bututu da aksul suka zama jiki ɗaya. A motar da farfelarta ke fili, ɗan bambancin tsawo yana ɓacewa a cikin tsagar da farfela ke zamewa a kanta, amma a 504 babu wannan rangwame, kuma da yake giya ta biyar tana zaune ne a wani ƙarin ɗaki a bayan akwatin, tsawon mai biyar ba ya yin daidai da na mai huɗu a mafi yawan lokuta. Duk abin da ya ƙaru a giyabos dole ne a rage shi a bututu da farfela, daidai wa daida. Idan bututun ya yi tsawo, ko dai ya tura inji gaba har fanka ta kusanci lagireto kuma robobin da inji ke zaune a kansu su yage, ko ya tura aksul baya har tayoyi su bar tsakiyar mazauninsu. Idan kuma farfelar ce ta gaza, ba ta shiga tsagarta sosai, sai haƙoran tsagar su cinye a hanya.

Akwai kuma tsari biyu na ƙafar baya, kuma wajibi ne bakanike ya shiga ƙarƙashin motar ya ga wanne ke gabansa. A salun da kowace tayar baya ke motsi ita kaɗai, kan aksul yana ɗaure a jikin mota, bututun kuma a sandare yake ba ya lanƙwasa. A wagon da kuma salun masu aksul ɗaya miƙaƙƙe, aksul ɗin gaba ɗayansa yana hawa yana sauka, don haka gaban bututun yana da wani dunƙulallen kai da ke juyawa a cikin mazauninsa a bayan giyabos, tare da gaɓa mai lanƙwasa a kan sandar fita. Wutsiyar giyabos ɗin waɗannan biyun ba iri ɗaya ba ce, kuma wanda ya sayo na wagon domin salun mai ƙafa rarrabe, ko akasin haka, ya sayo wa kansa aikin buɗe ciki da sauya sandar fita. Hanya mafi aminci ita ce a sami motar da aka ciro giyabos ɗin daga jikinta a karɓo shi tare da bututunsa da farfelarsa da sandar giya da duk ƙananan sandunan da ke haɗa su, ko da kuwa bututun 505 bai zo daidai da tsawon 504 ba, domin gara a sami abin gwadawa a hannu da a yi ta kintace.

Awon da kansa ba shi da wuya, kulawa yake so. Ana ajiye giyabos biyun a kan shimfiɗaɗɗen katako gefe da gefe, a auna kowanne daga fuskar ƙoƙo, wato faffaɗan bakin nan da ke rufe kuloci yana manne da inji, zuwa fuskar da bututu ke ɗauruwa, a rubuta bambancin da milimita. Sannan a auna yadda sandar fita ta leƙo waje a kowanne, a ƙirga tsagogin da ke kanta. Sai a koma gaba a gwada tsawon sandar shiga da kaurin bakinta da yawan tsagoginta, kuma hujjar da ta fi kowace ita ce a zura faifan kulocin motar a kan sabuwar sandar a ga ya zame ba tare da ya yi sako-sako ba. Ƙoƙon ma abin dubawa ne, saboda injin fetur na 504 a kishingiɗe yake da kusurwar digiri 45, kuma ramukan notuna da mazaunin kik na ƙoƙon da ya fito daga injin dizal ko daga wani injin 505 na daban ba za su faɗa daidai ba. Abin da ke ceton aikin shi ne ƙoƙon BA7 yana kwantuwa daga jikin akwatin, don haka sau da yawa ana iya mayar da na tsohon a kan sabon, bayan an tabbatar ramukansu sun hau juna.

Kwancewa da ɗaurawa

Ba a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Garejin da ke da rami ya fi dacewa, in kuma babu, sai a ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin kowace ƙafa, domin ƙasar Maiduguri yashi ce kuma tana nutsewa a hankali ba tare da an lura ba. Ana cire wayar batir, a zubar da man giyabos, a sauke salansa daga gaba, a cire kik da wayar agogon gudu da wayoyin fitilar ribas da sandunan giya. Kulocin 504 da mai yake aiki, kuma ba a buƙatar buɗe bututun mansa: ana zare ƙaramin famfon da ke jikin ƙoƙo a rataye shi gefe da igiya, a gargaɗi yaran gareji kada wani ya taka kuloci har a gama. Daga nan sai a tallafi inji da jak da katako a ƙarƙashinsa, a kwance notunan bututu, a sassauta aksul a ja shi baya tare da bututun gwargwadon abin da zai ba farfela damar zamewa daga giyabos, ana lura da bututun birki kada ya miƙe. Yayin da bayan inji ke sunkuyawa, mutum ɗaya ya tsaya a sama yana kallon fanka da robobin lagireto. Giyabos ɗin yana da nauyin da mutum ɗaya ba zai riƙe shi a kwance ba, kuma ana ja da shi baya a miƙe har sandar shiga ta fita gaba ɗaya, domin barin nauyinsa ya rataya a kan faifan kuloci yana tanƙwara faifan.

Tun da an buɗe wurin, rashin dabara ne a mayar da tsohon faifan kuloci da boris ɗinsa idan sun ci rabin rayuwarsu, haka ma ƙaramin bushin da ke tsakiyar fulawil wanda bakin sandar shiga ke zama a cikinsa, da robobin hana yoyon mai na gaba da na bayan giyabos, domin dukansu ba su kai kuɗin sake sauke giyabos ba. A wannan lokaci ne kuma ake iya tabbatar da lissafin aksul, tun da bakin farfela yana fili: a bar taya ɗaya a tsaye, a juya ɗayar sau biyu cif, a ƙirga juyin farfela, abin da aka samu shi ne lambar aksul ɗin.

Yankan bututu da farfela shi ne sashen da ya fi kowanne haɗari, kuma ba aikin mai waldar bakin titi ba ne, aikin mai injin tana ne, wato injin da ke juya ƙarfe ana fere shi daidai. Ana yanke adadin milimitan da awo ya nuna daga bututun da kuma farfelar, a fere bakunan su tsaya cak, a sa wani guntun ƙarfe a ciki ya riƙe su a layi ɗaya, a ɗiga walda a wurare huɗu masu fuskantar juna kafin a zagaye, saboda zafin walda yana jan ƙarfe zuwa gefen da aka fara. Bayan ya huce sai a mayar da farfelar kan injin a juya ta a ga ko tana rawa, domin sandar da za ta riƙa juyawa fiye da sau 3,000 a minti ba ta yafe ko ƙaramar karkata, kuma sakamakonta shi ne girgizar da ke tasowa a wani gudu na musamman tana cin boris ɗin giyabos da na aksul a lokaci guda. A samfurin da bututunsa ke da boris a tsakiya, dole ne a zaɓi wurin yanka ta yadda sumul ɗin wurin da aka tanada a jikin farfela zai ci gaba da faɗawa a kan boris ɗin, abin da ke nufin a yanke su biyun a ɓangare ɗaya. Idan ba a sami mai tana da aka amince da hannunsa ba, aika kayan Kano ya fi sauƙi a kan maimaita aikin.

Wajen ɗaurawa, ana daidaita faifan kuloci a tsakiyar fulawil da tsohuwar sandar shiga ko wani ƙarfe da aka fere daidai da ita kafin a ɗaure murfinsa, a shafa giris kaɗan ƙwarai a kan tsagogi, a sa giyabos a giya ta huɗu domin a riƙa juya sandar baya da hannu har tsagogin su haɗu. Giyabos ɗin da ya hau daidai yana mannewa da inji da turin hannu, kuma wanda ya tsaya da saura ɗan yatsa ba a jawo shi da notuna, domin haka ne ake fasa ƙoƙon alminiyam. A sauke shi a sake duba tsakiyar faifan. Kafin a ɗaure komai tamau ana duba ko ƙarin ɗakin giya ta biyar yana taɓa rufin ramin da ke ƙarƙashin bodi, ana barin tazarar da yatsa zai wuce, tun da inji yana motsi a kan robobinsa. Motocin farko da sandar giyarsu ke jikin sitiyari suna buƙatar a mayar da ita ƙasa, a huda bodi a wurin da ya dace a rufe da roba mai hana ƙura, saboda tsarin sandunan sitiyari an yi shi ne domin giya huɗu da ribas. Saitin sandunan ana yinsa ne giyabos yana firi, sandar giya kuma tana tsaye a layin giya ta uku da ta huɗu, sannan a gwada cewa ta biyar da ribas suna shiga har ƙarshe ba tare da sandar ta bugi bakin ramin ba.

Mai, gwaji da tuƙi

Kuskuren da ya fi yawa bayan an gama shi ne zuba man giya mai kauri irin na manyan motoci, bisa zaton cewa zafin gari yana buƙatar haka. Littattafan kamfanin na wancan zamani sun tanadi mai mara kauri, irin na inji, domin giyabos ɗin BA7, kuma mai kauri yana hana zobban tagulla kama haƙora da wuri, sai giya ta riƙa ƙara da sanyin safiyar hunturu. Ana zubawa ta notin gefe, mota tana tsaye a daidai, har man ya fara dawowa ta bakin ramin, a ɗan jira ya gangara ɗakin baya, a sake cikawa. Wannan jiran yana da dalili, domin giya ta biyar da ke can baya ita ce ke fara jin ƙishirwa idan mai ya ragu, kuma yoyon da mai huɗu zai jure wata da watanni yana iya kashe mai biyar a tafiya ɗaya zuwa Kano.

Gwajin farko ana yinsa ne tayoyin baya suna sama, a tada inji a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya a hankali ana saurare, sannan a fita kan titi. Kukan da ke ɓacewa idan an taka kuloci daga boris ɗin sandar shiga yake. Wanda ake ji a kowace giya ban da ta huɗu yana nuna sandar ƙasa ta cikin akwatin, tun da ita ce ke hutawa a giya ta huɗu. Girgizar da ke bin gudun mota ba tare da la'akari da giyar da ake ciki ba kuwa ta farfela ce. Agogon gudu yana iya yin ƙarya, ba saboda giya ta biyar ba, sai don ƙaramin haƙorin da ke juya wayarsa an zaɓe shi ne domin aksul da tayar motar da aka ciro giyabos ɗin daga gare ta; ana gane bambancin ta hanyar gwada shi da ma'aunin gudu na wayar hannu a kan miƙaƙƙiyar hanya, a sauya haƙorin da na tsohon giyabos idan ya shiga. Bayan tafiyar kilomita ɗari biyar ko makamancin haka ana sake bin notunan bututu da na ƙoƙo, a zubar da man farko a sa sabo, domin shi ne ya wanke dattin shekarun da giyabos ya yi a ajiye.

Direban da ya saba da giya huɗu yana buƙatar sabon hali: ba a shiga ta biyar ƙasa da gudun kilomita 70 ko 80, ba a wuce tirela da ita, ba a hawa tudu ko ratsa yashi da ita, kuma wagon da aka cika da fasinja da buhuna a kan rufi ta fi samun lafiya a giya ta huɗu duk lokacin da totur ya kai ƙasa amma gudu bai ƙaru ba. Tsohon giyabos da bututun asali, idan an sami wani aka yanka a madadinsa, ya kamata a cika giyabos ɗin da mai a toshe bakunansa a ajiye su a kan katako nesa da ƙasa, musamman idan motar samfurin ƙofa biyu ce ko wata tsohuwar salun da ba a taɓa sauya mata komai ba, domin masu tara irin waɗannan motoci suna biyan kuɗi mafi yawa ne a kan wadda za a iya mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta.